Kwana Uku a Wani Masauki a Zariya

Duk marubucin da ke zaune a gidan yawa ya san wahalar neman inda zai baje takardunsa. Ni dai shekara huɗu na yi ina fama da wani littafi nawa, in rubuta shafi biyu bayan sallar asuba, in ajiye shi sati uku saboda duba takardun jarrabawar ɗalibai, ga kukan yara, ga rediyon maƙwabci. Kullum abin da nake faɗa wa kaina shi ne, da zan sami ɗaki shiru, da tuni an wuce wurin.

To, ana shiga hutun ƙarshen zango sai kwasar adashinmu na malamai ta faɗo kaina. Bayan mun ɗan ja da uwargida, wadda ke ganin buhun masara ya fi cancantar kuɗin, na ware wani abu na kama hanyar Zariya. Dalilina kuwa shi ne, can ne marigayi Abubakar Imam, wanda shi ma malami ne a Midil ta Katsina, ya je ya zauna a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, cikin kimanin wata shida. Na ce ko ni ma na sami tubarraki.

Masaukin da na sauka ɗan ƙarami ne, a cikin unguwar Turawa ta da, nesa da hayaniyar Sabon Gari. Tsohon gida ne aka gyara, ɗaki takwas kacal, ga baranda, ga inuwar mangwaro da dalbejiya. Babu kiɗa, babu mashaya, mai kula da wurin kuma ya san kowane baƙo da sunansa. A ɗakina akwai tebur da kujera dab da taga, wato dai abin da na yi shekara huɗu ina mafarki.

Amma fa daren farko ko layi ɗaya ban rubuta ba. Shirun ya yi mini yawa, har ina jin ƙarar agogon hannuna. Kashegari, da na rasa abin yi, sai na zauna a baranda na shiga karanta littafin a bayyane tun daga farko, abin da ban taɓa samun sarari na yi ba. Ashe maigadin gidan, wani dattijo, yana saurare. Da na zo inda wata uwa ke yi wa 'yarta faɗa a kan aure, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, wannan matar malamar makaranta ce?"

Na ce, "A'a Baba, fura take sayarwa."

Ya ce, "To, ai na ji tana magana kamar mai karanta labarai a rediyo."

Maganar nan ta yi mini ciwo, domin kuwa gaskiya ce. Da na koma ɗaki na duba, sai na tarar kowa a littafin, daga mai fura har ɗan acaɓa, da bakina yake magana, bakin mutumin da ya saba tsayawa gaban allo. Ranar ta uku ƙungurungum na yi ta soke-soke, shafi 37 na cire daga cikin 140.

Da na dawo gida uwargida ta ce, "Malam, an gama?" Na ce ai raguwa ma ya yi. Ta yi dariya ta ce, "Ashe kuɗin masarar aka kai aka rage littafi." Ban ce uffan ba, na kasa kunne ina jin yadda ita da maƙwabciyarta ke cinikin daddawa ta kan katanga. Irin maganar da littafina ya rasa ke nan, alhali shekara huɗu ina kiranta hayaniya.

Saboda haka 'yan'uwa, musamman masu tasowa, in kun sami wuri shiru ku karanta aikinku a bayyane, ku kuma nemi mai saurare wanda ba ya jin nauyinku. Wanda ba shi da kuɗin masauki, ajin makaranta bayan an tashi ya ishe shi. Littafin nawa dai har yanzu bai fito ba, amma mai furar ta fara magana da bakinta. Allah Ya sa mu dace.