Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: 'Yan Ƙwallon Kwando Na Jami'ar Houston

Mai karatu, a Amurka ƙwallon kwando ta jami'o'i tana da farin jinin da wani lokaci har ya kan zarce na ƙwararru masu cin albashi. Duk shekara a watan Maris ake fara gasar ƙasa baki ɗaya, irin wadda in an doke ka sau ɗaya sai ka tattara kayanka ka koma gida, har a tace a bar ƙungiyoyi huɗu. Kaiwa cikin huɗun nan kaɗai abin alfahari ne da makaranta ke rataya tutarsa a rufin ɗakin wasa. To Jami'ar Houston da ke jihar Teksas ta kai wannan matsayi sau bakwai tsakanin 1967 da 2025, ta buga wasan ƙarshe sau uku, kuma a duk tsawon waɗannan shekaru ko sau ɗaya ba ta ɗaga kofin ba. Ita ce ƙungiyar da nake goyon baya, kuma in dai batun ciwon zuciya ne babu irin wanda ba ta ɗanɗana mini ba.

Dalilin da ya haɗa ni da ita ba boyayye ba ne, Hakeem Olajuwon ne. Amma bari mu fara da wanda ya aza harsashin ginin, wato Guy Lewis, wanda ya horar da ƙungiyar shekara talatin cur, daga 1956 zuwa 1986, ya ci wasa 592. An san shi da wani tawul mai ɗigo-ɗigon ja da fari da ba ya rabuwa da shi a bakin fili. A 1964, lokacin da yawancin jami'o'in kudancin Amurka ba su yarda baƙar fata ya sa rigarsu ba, Lewis ya ɗauko samari biyu baƙaƙe daga jihar Louisiana, Elvin Hayes da Don Chaney. A Teksas ta wancan zamani wannan ba ƙaramar kasada ba ce, kuma waɗannan biyun ne suka kai ƙungiyar cikin huɗun ƙarshe a 1967 da 1968.

Shi dai Lewis ɗin ne ya matsa sai da aka shirya wasan da har yau ake kira wasan ƙarni. Ranar 20 ga Janairu 1968 aka shimfiɗa filin kwando a tsakiyar katafaren ɗakin wasa na Astrodome, mutum 52,693 suka shiga kallo, aka kuma haska shi a talabijin a faɗin ƙasar da daddare, abin da ba a taɓa yi wa wasan jami'a da ba na gasar ƙarshe ba. Abokan karawarsu UCLA ne, waɗanda suka jera wasa 47 ba a doke su ba, ga kuma dogon nan Lew Alcindor, wanda daga baya ya koma Kareem Abdul-Jabbar. Hayes shi kaɗai ya ci maki 39, Houston ta yi nasara da 71 da 69. Magoya bayan UCLA sun ce ai Alcindor ciwon ido yake yi, kuma gaskiya ne yana yi. Da aka sake haɗuwa a watan Maris, a wasan kusa da na ƙarshe, inda cin yake da amfani, UCLA ta yi musu dukan kawo wuƙa, 101 da 69. Tun daga nan halin ƙungiyar ya bayyana, ita ke cin wasan da ake ba da labari, wasu kuma su tafi da kofi.

Sai zamanin Hakeem. An haife shi a Legas a 1963, kuma yana yaro tsaron gida yake yi a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Sai da ya kai shekara goma sha biyar ya taɓa ƙwallon kwando, kuma abin da ke ba ni sha'awa shi ne gasar farko da ya buga a Sakkwato aka yi ta, a wani bikin wasanni na makarantun horon malamai. Ya sauka Houston a 1980, babu wanda ya je tarbarsa a filin jirgi, da ya buga waya aka ce ya hau tasi ya taho. Shekarar farko bai buga ba. Abin da ya gyara shi shi ne lokacin hutu, inda yake zuwa wani ɗakin wasa na unguwa yana gwabzawa da Moses Malone, ƙato kuma gwani a cikin ƙwararru, yana shan ture da gwiwar hannu har jikinsa ya yi ƙwari. A lokacin ma Akeem ake rubuta sunansa, sai a 1991 ya mayar da harafin da aka yar masa.

Shi da Clyde Drexler da sauran abokansu suka kafa tawagar da wani ɗan jarida ya laƙaba wa suna Phi Slama Jama. Salonsu gudu ne da tsalle, a tashi sama a danna ƙwallo cikin kwando da hannu. Ka tuna an taɓa haramta irin wannan dannawa a wasan jami'o'i daga 1967 zuwa 1976, kuma dattawan masu horarwa suna yi mata kallon wasan 'yan titi marasa tarbiyya. Lewis shi kuwa cewa ya yi a danna, don ƙwallon da aka sa da hannu ba ta kuskure. A 1982 suka kai huɗun ƙarshe, North Carolina ta Michael Jordan ta fitar da su.

Shekarar 1983 ce ba na son tunawa, kuma ita ce ba ta barin mutum. Su ne na ɗaya a ƙasar, sun jera wasa 26 suna ci, sun kuma lallasa Louisville 94 da 81 a wasan kusa da na ƙarshe. Waɗanda suka rage musu su ne North Carolina State, ƙungiyar da aka doke sau goma a wannan kakar, kowa ya ɗauka an gama. A birnin Albuquerque aka yi wasan, gari ne mai tudu inda iska ba ta isar mai gudu, har sai da aka riƙa ba Hakeem iskar numfashi a benci. Drexler ya yi laifi huɗu tun kafin hutun rabin lokaci. Duk da haka suka dawo suka wuce gaba, sai Lewis ya ce a rage gudu a riƙa jan lokaci. Ni dai a ganina nan aka yi asarar kofin, domin ka ɗauki dokin sukuwa ka ce ya yi tafiyar jaki, ai ka ba abokin gaba abin da yake roƙo. Ana 52 da 52, saura daƙiƙa kaɗan, Dereck Whittenburg ya wurga ƙwallo daga nesa, ko ƙarfen kwandon ba ta kai ba. Hakeem yana ɗan gaba, bai koma ƙarƙashin kwando ba. Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya danna. Ƙungiyar da ta yi suna da dannawa, da dannawa aka kashe ta, 54 da 52. Hakeem aka ba kyautar gwarzon gasar duk da an ci su, yana da maki 20 a wasan.

A 1984 suka sake kaiwa wasan ƙarshe, Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su 84 da 75. A shekarar aka ɗauki Hakeem na farko a zaɓen 'yan wasan ƙwararru, Jordan na uku. Ya rama a kan Ewing a 1994 da ya ci kofin ƙwararru da Houston Rockets, ya sake ci a 1995 tare da Drexler. Birnin ya samu kofi ke nan, jami'ar kuwa shiru. Bayan tafiyarsa ma sai ta shiga wani dogon fari, shekara 34 ba ta ci ko wasa ɗaya a gasar ƙasa ba, sai a 2018. Shi kansa Lewis sai a 2013 aka shigar da shi zauren girmama gwanayen wasan, yana da shekara casa'in da ɗaya, ya rasu a 2015. Wannan jinkiri rashin adalci ne, kuma ba na shakkar rashin kofi ne ya jawo shi.

Kelvin Sampson ne ya farfaɗo da ita bayan ya karɓe ta a 2014, da salon da ya saɓa wa na Lewis gaba ɗaya. Nasa yaran tsaro suka iya, su hana ka sakat, su yi ta kokawar ƙwallon da ta faɗo daga kwando kamar abincinsu ne. Ba wasa ne mai daɗin kallo ba, amma yana ci. A 2021 suka koma huɗun ƙarshe, Baylor ta tare su.

A 2025 kuwa na zauna na kalla, wajen ƙarfe biyun dare a agogonmu, gida duk an yi barci, na rage muryar talabijin. Kwana biyu kafin nan sun yi abin mamaki, Duke tana gabansu da maki 14 suka biyo ta suka ci 70 da 67. A wasan ƙarshe da Florida a San Antonio su ne a gaba da maki 12 bayan hutun rabin lokaci, ga Hakeem zaune cikin 'yan kallo da furfurarsa. Florida ta yi ta ragewa har ta wuce da maki biyu. Ƙwallon ƙarshe tana hannun Houston. Emanuel Sharp ya yi tsalle zai jefa, ya ga an taso masa, sai ya saki ƙwallon ƙasa, kuma doka ta hana shi sake taɓa ta. Yana tsaye yana kallonta tana tsalle a gabansa har lokaci ya cika, aka tashi 65 da 63, ba su ko samu jefawa ba.