Dillalin da ke tsakanin haske da zafi

Mai cajin waya a kasuwar Talata Mafara ya san wani abu da ido: idan farantin sola ya ɗau zafi har hannu ba ya iya taɓa shi, wutarsa raguwa take yi, ko da rana na tsaka. Kowane digiri ɗaya sama da 25 yana cinye kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfin farantin silikon. A watan Afrilu asarar ba ƙarama ba ce.

Zafi, a idon masana kimiyya, makyarkyatar ƙwayoyin zarra ce, kuma suna kiran kowane ƙullin wannan makyarkyata fonon. Idan haske ya bugi sinadari, ilektiron yakan tashi ya bar gurbi, sai su biyun su riƙa jan juna. Wannan haɗin shi ne eksiton, wanda Yakov Frenkel ya bayyana a 1931. Da ilektiron ya koma gurbinsa, ƙarfin yana iya fitowa a matsayin haske.

A silikon komawar ba ta yiwuwa sai fonon ya shiga tsakani, kamar cinikin sa da ba ya faɗawa sai da dillali. Cinikin yakan yi jinkiri, ƙarfin ya tsiyaye ya zama zafi. Shi ya sa ƙwan tocilar da ke haska teburin mai shayi a Bakura ba da silikon aka yi shi ba, da galiyom naitiraid aka yi.

A 2010 masu bincike a Jami'ar Columbia da ta Berkeley, a Amurka, sun ɓare ma'adinin molibdenait har ya rage falle ɗaya, mai kaurin kusan nanomita 0.65. Fallen ya ba da haske fiye da ninki 10,000 na dunƙulen da aka ɓaro shi. A wannan sirantaka ilektiron yana komawa gurbinsa kai tsaye, ba ya jiran kowa.

Sai dai dillalin bai bar kasuwa ba. Idan zafi ya ƙaru, fonon yakan dagula launin hasken, ya karkatar da shi wajen ja. Saboda haka yawancin awo mafi tsabta ana yin sa ne cikin sanyin heliyom, kusan digiri 269 ƙasa da sifili. Na'urar da za a ƙera da fallen kuwa, in har ta iso Tsibiri, a ƙarƙashin rufin kwano za ta yi aiki, a watan da zafin inuwa ke haura digiri 40.