Tuwo a Sevran

Na daɗe a Sevran, kuma duk baƙon da ya sauko daga jirgin RER B a tashar Beaudottes tambayarsa ɗaya ce: ina na halal? Nama ba wuya, mahautan Larabawa sun cika garin. Abin lura shi ne sanwici: in ka ga jambon ko lardons, alade ne.

Tuwo kuwa, ka sayi semoule mai laushi, ba mai tsakin da ake kuskus da shi ba. Wahalar tana wajen miya. Sai ka koma Paris, unguwar Château Rouge, layin Dejean. Kada ka ce kuka, ba wanda zai gane. Ka ce lalo, kamar 'yan Senegal. Daddawa soumbala ce a bakin 'yan Mali, kuɓewa gombo, zoɓo bissap. Ka shinshina daddawar kafin ka biya, wata ta kwana biyu.

Shayi ni a fulas nake zuba nawa, in bi bakin Canal de l'Ourcq zuwa dajin Poudrerie, inda ake haɗa albarushi har 1973. Kuɗin gahawa biyu a kafe sun ishe ka kukar miyar sati.