Binciken da Ya Kwana a Ruga

Mu da aka haifa a Illela, garin da ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar, mun tashi mun tarar da baƙi iri biyu masu yawo da takarda. Akwai ma'aikatan iyaka, waɗanda takardarsu ta haraji ce da duba kaya, akwai kuma 'yan jami'a masu zuwa da dogayen takardun tambayoyi: Shanunka nawa? 'Ya'yanka nawa ke makaranta? Ina kake zuwa cin rani? Na farkon, kowa ya san abin da takardarsu ke haifarwa tun kafin rana ta faɗi. Na biyun kuwa sukan sha ruwa, su yi godiya, su hau mota su koma birni, sau da yawa ba a sake jin ɗuriyarsu. Wannan ne ya sa dattawanmu da dama suka ɗauka cewa bincike wani aiki ne da ɗan boko ke yi domin ya sami digiri, amma bai haɗa hanya da tuwon gidan kowa ba.

Maganar dattawan tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta cika ba. Akwai binciken da ya fito daga jami'a ya shiga ofishin minista, ya zama doka, ya kuma dawo har bakin rugage. Labarinsa ya shafe mu ƙwarai, domin duk wanda ya san kasuwar Illela ta ranar Lahadi ya san cewa dabba ce ƙashin bayanta, kuma a bayan kowane garke akwai yaro riƙe da sanda, wanda a shekarunsa kamata ya yi a ce yana aji uku ko huɗu.

A shekarar 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, aka gina azuzuwa a garuruwa da ƙauyuka, amma 'ya'yan makiyaya ba su shigo ba sai ɗaiɗaiku. Amsar da ta fi sauƙi a bakin ma'aikata ita ce Fulanin daji ba sa son boko. Sai wani malamin Jami'ar Jos, Chimah Ezeomah, ya ƙi tsayawa a kan wannan amsa. Shi da abokan aikinsa suka bi makiyaya zuwa inda suke zaune, suka duba yadda ranarsu da shekararsu ke tafiya, ya kuma fitar da littafi a kan ilmin Fulani makiyaya a 1983. Abin da binciken ya nuna abu ne da kowace uwa a ruga ta sani, amma ba a taɓa shigar da shi cikin lissafin gwamnati ba. Lokacin da ake kaɗa ƙararrawar makaranta shi ne lokacin da ake buƙatar yaro wajen dabbobi. Makaranta a kafe take wuri ɗaya, garke kuwa dole ya bi ruwa da ciyawa. Darussan da ake koyarwa ba su san saniya ba, malamin kuma ba ya jin yaren yaron. Wato makiyayi bai ƙi ilmi ba, makarantar ce aka ɗinka ba da awonsa ba.

Da Farfesa Jibril Aminu ya zama ministan ilmi, sai maganar ta sami mai ɗaukarta. A 1989 aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa da dokar soja mai lamba 41, aka ajiye hedkwatarta a Kaduna, Ezeomah ya zama shugaban gudanarwarta na farko. Abin sha'awa shi ne ba a sallami jami'o'i bayan an yi doka ba, raba musu aiki aka yi. Jos ta riƙe bincike da auna sakamako, Maiduguri ta ɗauki horar da malamai, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta nan Sakkwato kuwa aka ba ta tsara manhaja da littattafan karatu, ciki har da na Fulfulde. Aka fito da azuzuwan tafi-da-gidanka da ake iya naɗewa a bi garke da su, aka sassauta lokutan darasi, daga baya kuma gidan rediyon tarayya na Kaduna ya riƙa watsa shirin nan na Don Makiyaya a Ruga. A 1990 makarantun makiyaya 329 ne a ƙasar, daga nan suka yi ta ƙaruwa.

Ba mu ce shirin ya warkar da ciwon duka ba. Duk mai bin ƙauyuka ya ga makarantar makiyaya da ta koma allo ɗaya a gindin bishiya, ga gonaki sun cinye burtali, ga rashin tsaro na shekarun nan da ya tarwatsa rugage da ƙauyuka a gabashin jihar Sakkwato. Amma darasin yana nan daram: dokar ta yi ma'ana ne saboda wanda ya haife ta ya je ya zauna da mutanen, ya saurare su, bai tsaya ga cike takarda a bakin hanya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga mu mutanen wannan yanki ma dabarar ba baƙuwa ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta ga matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zo birni karatu ba, sai ta horar da jajis suka riƙa kai musu ilmin har ƙauyukansu. Makaranta ce ta bi ɗalibi tun a wancan zamani.

Haka maganar take a kan talla. A shekarun 1970 wata manazarciya Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta zauna a cikin birnin Kano tana nazarin aikin yara, ta nuna cewa matar da ke cikin kulle da ƙafar 'yarta take zuwa kasuwa, kuma daga ribar tallan ne ake tara kayan ɗaki. Saboda haka duk wanda ya ce a sauke faranti a ɗauki jakar makaranta, to, sai ya faɗa wa uwar abin da zai maye gurbin kuɗin. Irin wannan fahimta ce muka gani a aikace tsakanin 2014 da 2016, lokacin da aka gwada ba iyaye mata naira 5,000 lokaci-lokaci a jihohin Sakkwato da Neja, da tallafin Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, domin 'ya'ya mata su shiga aji su zauna. Wa'azi kaɗai bai taɓa biyan kuɗin tasa da kwalla ba.

To, mai karatu, ga inda abin ke mana ƙaiƙayi. Illela da Birnin Ƙonni gari biyu ne a taswira, amma a wajen aure da suna da jana'iza da ciniki kusan gida ɗaya ne. An rufe iyaka daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. Waɗanda suka yanke hukuncin shinkafa da man fetur da siyasar ƙasashe suke dubawa. Mu kuwa abin da muka gani shi ne ɗan dako da ɗan kabu-kabu da dillali da mai tuwo-tuwo a tasha, kowa ya wayi gari hannu rabbana. Idan aikin maigida ya tsaya, wa ake fara cirewa daga makaranta, mace ko namiji? Aure nawa ya girgiza? Samari nawa suka tafi cin rani ba su dawo ba? Waɗannan su ne tambayoyin da muke so malaman jami'a su zo su kwana a kansu kamar yadda aka kwana a ruga, domin ranar da za a sake zama a kan maganar iyaka a sami takardar da za ta yi magana da yawun waɗannan gidaje.

Mu marubuta muna da namu kaso a wannan aiki. Kundayen bincike kusan duk da Turanci ake rubuta su, a ɗaure su da baƙin bango a jera a ɗakin karatu, wanda aka yi wa tambayoyin kuwa ko sunan kundin ba zai ji ba. Wa ya fi mu cancantar ɗauko abin da ke ciki ya mayar da shi Hausar da za a karanta a zaure, ko a ji a rediyo? Duk mai niyyar rubuta labari a kan 'yar talla ko ɗan makiyayi, ya daure ya leƙa abin da masana suka gano, ya haɗa da abin da idonsa ya gani, labarinsa zai fi nauyi. Kowane reshe na ƙungiyarmu yana iya ɗaukar kundi ɗaya a shekara da ya shafi yankinsa, ya taƙaita shi cikin shafi biyu ko uku. Idan kuma mai bincike ya zo garinmu, mu karɓe shi hannu biyu, mu ba shi amsa ta gaskiya, sannan mu roƙe shi alfarma guda: in ya gama, ya dawo ƙofar hakimi ya karanta mana abin da ya samu. Jama'ar da ta san abin da aka rubuta a kanta ita ce ke iya tambayar ɗan majalisarta inda aka kwana.

Allah ya ba masu bincike haƙurin saurare, ya ba masu mulki kunnen ji, mu kuma ya yi wa alƙalumanmu albarka, amin.