Abin da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Fak Siti

Numfashina ne ya fara gaya mini na yi nisa da gida. Garin Fak Siti na jihar Yuta a Amurka ya haura mita 2,000 daga doron teku, ga sanyin Janairu yana yankar hanci kamar reza. Ƙanena mai karatu a can ne ya ja ni. "Yaya, ko ba za ka yi zamiya a ƙanƙara ba, hau lilon ka ga gari daga sama."

Na hau. Kujera ce rataye a igiyar ƙarfe, ƙafafuna na reto, ƙasa ta yi nisa, na ƙanƙame ƙarfen ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Cikin wannan tsoro na hango wasu dogayen turakun ƙarfe, sun yi tsatsa, a jere tsakanin itatuwa. Na ɗauka tsohon lilo ne aka watsar. Ashe a da ta kansu ake sauko da duwatsun azurfa zuwa bakin jirgin ƙasa.

Sai da yamma, a gidan tarihin garin, na fahimci inda na tsaya. Tun 1868 aka gano azurfa a nan. Tsaunin da yara ke sulalowa a kansa suna ihun murna, cikinsa ramuka ne da tsawonsu ya wuce mil 1,000. A 1898 gobara ta cinye yawancin garin. A Yulin 1902 nakiya ta tashi a mahaƙar Daly West, mutum 34 suka rasu. Da azurfa ta daina riba garin ya kusa zama kufai, har kamfanin haƙar da kansa ya buɗe filin zamiya a 1963.

Gaban wani hoto na kasa gaba. Leburori ne a bakin rami, fuska duk ƙura, hannu ya faffashe. Hannun kakana ke nan, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a haƙar kuza a Bukuru. Ina yaro, tarinsa na dare haushi yake ba ni, don yana hana ni barci. Ban taɓa tambayarsa yadda ramin yake ba, ko sau ɗaya.

Ƙanena ya taɓa kafaɗata. "Yaya, za su rufe."

Na ce ya ba ni minti biyar.