Kullen da Ya Shigo Wayoyinmu Babu Sanarwa

Duk lokacin da aka ce Android ta fitar da sabon zubi, abin da muke fara dubawa shi ne ko fuskar waya ta sauya, ko kyamara ta ƙara kyau. Da Google ta saki Android 15 a watan Oktoban 2024, wayoyin Pixel ne suka fara samu. Mu masu Tecno da Infinix da itel sai muka zuba ido, don kamfanin da ya ƙera waya ne ke zaɓar wadda za ta samu, kuma ƙananan wayoyi sukan tsufa a kan zubin da aka sayo su da shi.

Abin da ya fi tashe a bakinmu shi ne Private Space, wato wani ɗaki a cikin waya da za ka zuba manhajojin da ba ka so a gani, ka sa masa mabuɗinsa daban. Dole ya burge mu. Wayar ɗalibi ai ta gida ce: ƙane zai ara ya yi wasa, Umma za ta ara ta kira Gwaggo, aboki zai ara ya duba sakamakon JAMB. Sai dai idan an kulle ɗakin, manhajojin ciki barci suke yi, saƙo ba ya nunawa. Wanda ya ɓoye WhatsApp ɗin ajinsu a can, sai a sauya ranar gwaji bai sani ba.

Amma a ganinmu abin da ya fi amfani bai ma jira Android 15 ba. A daidai wannan lokaci Google ta turo kariyar sata ga wayoyi masu Android 10 zuwa sama, bayan ta fara gwada ta a Brazil, inda su ma fizgen waya ya addabe su. Wayar tana jin motsi: idan aka fizge ta aka ruga a guje ko a kan babur, sai ta kulle kanta. Idan ɓarawo ya katse mata intanet, nan ma ta kulle. Kana kuma iya aron wayar wani ka shiga android.com/lock, ka sa lambarka ka kulle ta daga nesa.

Mu da muka san ƙwacen waya a Kano da Kaduna mun san ba kuɗin wayar kaɗai ake asara ba. Wayar da aka fizge a buɗe, da manhajar banki da hotuna da lambobin iyaye take tafiya, kafin dare an fara roƙon kuɗi da sunanka. To amma kariyar a kashe take zuwa. Sai ka shiga Settings, ka taɓa Google, ka nemi Theft protection ka kunna da hannunka, kuma da wuya ka ji ana maganarta a majalisa.

Kullen waya ba ya tare wuƙa. Idan an tare ka, miƙa kawai, kullen zai yi aikinsa daga baya. Wayoyi masu Android Go kuwa, waɗanda da yawanmu muka fara da su, ba sa samun wannan kariya. Su da mu duka akwai sa wa layi lambar sirri, domin ɓarawo kan cire sim ya sa a wata waya ya gwada kwashe kuɗi ta lambobin banki.