Shinkafar Ɓera da Abin da Ta Ci a Lambuna

A bayan gidan da nake zaune, cikin rukunin gidajen malaman jami'a, akwai wani ɗan fili da bai wuce taku ashirin ba a tsawo. Shekara huɗu ke nan ina noma shi. Da damina nakan sa masara da kuɓewa da gyaɗa, da rani kuma na ja fangali na dasa tumatir da latas da albasa, dankalin Hausa yana gefe a kan kunyoyinsa. Ban fara don sha'awa kaɗai ba, duk wanda ya san yadda albashi ke ƙarewa tun wata bai raba tsakiya ba ya san amfanin kwanon tumatir ɗin da ba a saya ba. Amma a hankali lambun ya zame mini mafaka. Bayan na wuni ina duba takardun jarrabawa, nan nake zuwa na tsuguna na sa hannu a ƙasa, hankalina ya dawo jikina.

A hunturun bara ɓeraye suka shigo. Da farko tumatir ɗaya ko biyu nake tararwa an gutsura, na ɗora laifin a kan tsuntsaye. Sai na fara ganin ramuka a gindin katanga. Ranar da na tona dankali na iske rabin kunya ta zama ɓawo, an cinye cikin an bar mini fanko, na ji wani irin baƙin ciki da har yau nake jin kunyar girmansa. Suka huda tiyon ban ruwa a wuri uku. Suka shiga akurki suka kashe 'yan tsaki biyu. Na faɗi wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka mai tausayin ɓera ne ke magana. A wannan makon, da an ba ni ikon shafe jinsinsu daga doron ƙasa, da ban tsaya shawara da kowa ba.

Ranar kasuwa na tsaya wurin wani mai tura baro, da 'yar lasifikarsa tana ta maimaita tallar maganin ɓera da kyankyaso da kuɗin cizo. Ya ba ni ƙulli uku na shinkafar ɓera a farar leda, babu suna, babu rubutu, babu gargaɗi. Ya ce, "Alhaji, ka cakuɗa da ɗan busasshen kifi, ka ajiye a bakin ramin. Ka gama da su." Na biya kuɗin da bai kai na kwalbar lemo ba. Ni da nake hana ɗalibaina karɓar magana ba tare da hujja ba, ban tambaye shi ko mene ne a ciki ba. Bayan magariba na bi gindin katanga na zuba a wuri biyar, na wanke hannuna, na shiga na ci tuwo.

Kwana uku ban ga komai ba, har na fara zargin an sayar mini da jabu. A rana ta biyar, da hantsi, 'yata mai shekara bakwai ta kira ni. Wani ɓera ne a tsakiyar fangalin latas, a fili, rana tsaka, abin da ɓera mai lafiya ba ya yi. Yana jan ƙafafunsa na baya, jini na tsattsafowa daga hancinsa, ya yi taku biyu ya tsaya yana haki. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Abba, tun yaushe yake jin ciwon?" Na ɗauki fartanya na ƙarasa shi, na ce mata ta shiga gida. Tambayarta kuwa ban amsa ba.

Bayan kwana biyu kyanwar maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da ke zaune da jikokinta, ta mutu a ƙarƙashin motar ɗanta. Na ji labarin ta bakin matata, na yi shiru. Mako bai zagayo ba na tsinci mujiya a gindin darbejiyar da ke kusurwar lambun, fukafukanta a buɗe, babu rauni a jikinta. Shi ma na yi shiru, na binne ta. Abin da ya karya shirun nawa ya faru ne wata Asabar da yamma. Yaron da ke taya ni ban ruwa, almajiri ne da bai wuce shekara goma sha biyu ba, na hango shi a bayan katanga da abokansa biyu sun haɗa 'yar wuta. Na leƙa, sai ga ƙatuwar gafiya sun fara babbake ta. Yana murna ya ce mini, "Malam, ko gudu ba ta yi ba, da hannu na kama ta." Na fizge ta daga kan wutar ina yi musu tsawa, su kuma suna kallona da mamakin me ya sami Malam a kan gafiya. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Washegari na nemi wani abokin aikina likitan dabbobi, na kwashe labari na gaya masa. Daga bayaninsa, da abin da na karanta daga baya, na fahimci cewa abin da muke tarawa a ƙarƙashin suna ɗaya iri-iri ne. Akwai baƙar hodar nan ta zinc phosphide, wadda idan ta haɗu da ruwan ciki take sakin iska mai guba, ta yi kisa cikin sa'o'i, kuma ba ta da makari. Akwai kuma masu hana jini daskarewa, waɗanda alamomin da na gani suka yi daidai da su. Uwarsu ita ce warfarin, wadda aka samar a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, aka fito da ita a matsayin gubar ɓera a 1948, daga baya likitoci suka mayar da ita maganin masu gudan jini a jijiya. An zaɓe ta ne saboda jinkirinta. Ɓera dabba ce mai tsananin taka-tsantsan da sabon abinci, idan ya ɗanɗana ya ji ba daɗi nan take, ba zai koma ba. Ita kuwa wannan sai bayan kwanaki take nuna kanta, lokacin da ya riga ya ƙoshi. Da ɓeraye suka fara jure mata, abin da aka fara lura da shi a Sukotland a 1958, sai aka ƙero masu ƙarfi irin su brodifacoum da bromadiolone, waɗanda ci ɗaya ya isa, kuma suke zama a hantar dabba na tsawon watanni.

Ma'anar wannan ita ce, ɓeran da ya ci yana yawo kwana uku zuwa mako guda yana zubar da jini ta ciki, ga rauni, ga rashin kuzarin gudu. A waɗannan kwanakin babu abincin da ya fi shi sauƙin kamawa ga kyanwa da mujiya da shaho, da kuma yaro mai jin yunwa. Wato jinkirin da ya sa gubar ta yi nasara a kan ɓera, shi ne ya buɗe mata hanya zuwa cikin wanda ba a nufa ba.

Ban shiga ruɗu ba game da halaccin kashe ɓera. Ɓera na cikin dabbobi biyar da ingantaccen hadisi ya ba da izinin kashewa ko da a cikin Harami ne. Kuma maganar ta wuce ta dankalina. Zazzaɓin Lassa, wanda ya samo sunansa daga garin Lassa na Jihar Borno inda aka fara gano shi a 1969, wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da ƙwayar cutarsa, yana barin ta a abinci ta fitsari da kashi. Kowane rani sai ya ci rayuka a Bauchi da Taraba da Ondo da Edo, har da likitoci da ma'aikatan jinya. Manomin da ɓera ya shiga rumbunsa kuwa, abincin shekarar iyalinsa ake ci. Wanda zai tsaya a gaban irin wannan manomi ya yi masa wa'azin tausayin ɓera, bai san yunwa ba.

Sai dai addinin da ya ba da izinin kisan shi ne ya ɗora sharaɗi a kan yadda za a yi shi. Tun muna makarantar Islamiyya muka haddace hadisi na goma sha bakwai na Arba'una, wanda ya wajabta kyautatawa a cikin komai har a cikin kisa, da na talatin da biyu wanda ya hana cuta da cutarwa. Mun kuma san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Na san duk wannan lokacin da nake cakuɗa shinkafa da kifi. Abin da ya sa bai faɗo mini a rai ba, a ganina, shi ne ban ji a jikina cewa kisa nake yi ba. Mai yanka rago yana riƙe da wuƙa, yana ganin idon dabbar, dole ya wasa wuƙarsa ya gaggauta. Mai zuba guba kuwa ajiyewa yake yi ya tafi. Wahalar tana faruwa a cikin rami, cikin dare, a gidan maƙwabci, inda idonsa ba ya kaiwa. Ko sunan da muka ba abin yana taimaka mana wajen kau da kai, muna ce masa magani, kamar wani za a warkar. Sauƙin da na saya a wurin mai baro na gaske ne, amma ba ni na biya cikon kuɗinsa ba. Kyanwar dattijuwa ta biya, mujiya ta biya, saura ƙiris yaron mutane da aka kawo karatu daga wani ƙauye mai nisa ya biya.

Abokin nawa ya zo ya zagaya lambun, bai ce komai ba sai da muka isa akurki. Ya nuna buhun dusa a buɗe, ya nuna tarin karan masara da na jingine a katanga tun kaka, ya nuna jujin da muke zuba ragowar abinci, sannan ya yi dariya ya ce, "Dakta, in ɓera da sata, daddawa ma da wari." Ya yi gaskiya. Ɓera na ɗaukar ciki mako uku ne kawai da 'yan kwanaki, kuma irin na Lassa na iya haifar goma ko fiye a ciki ɗaya. Muddin abinci da maɓoya suna nan, duk wanda aka kashe ya bar wa wani gurbi ne. Da na ci gaba da guba, da sai in riƙa zubawa kowane wata, ina rage masu cin ɓeran, su kuma ɓerayen suna mayar da adadinsu cikin 'yan makonni.

Na juye dusa a duro mai murfi, na kwashe karan, na haƙa rami mai zurfi don shara, na toshe gindin katanga da siminti da tsakuwa. Na sayi tarkon ƙarfe guda shida ina ɗanawa da ƙuli-ƙuli a cikin tsohon bututu, inda kaza ko kyanwa ba za su kai ba. Ba zan yi wa tarko kirarin da bai cancanta ba. Wani lokaci yakan kama ƙafa maimakon wuya, sai na ƙarasa da hannuna, kuma ɗaukar gawar na bukatar safar hannu da binnewa, saboda ita ma hanya ce ta kamuwa da cuta. Tarkon danƙo kuwa na gwada sau ɗaya, na ji kukan da ɓera ke yi a kansa, ban sake ba. Bambancin shi ne, kowace safiya ina ganin abin da na aikata, kuma wanda na nufa shi nake samu. Har yanzu ina asarar tumatir. Na rage lissafa su.

Mujiyar ce ta fi tsaya mini a rai, wataƙila saboda yadda muka tashi muna jifanta. Idan aka tsani mutum cewa muke an mayar da shi mujiya. Alhali farar mujiyar nan da ke kwana a rufin tsofaffin gine-gine tana cin ɓera uku ko huɗu a dare, kyauta. A Maleshiya akwatuna ake kafa mata a gonakin kwakwar manja da na shinkafa don ta zauna ta yi wannan aikin. A jihar Kalifoniya ta Amurka, a 2020 aka yi dokar da ta taƙaita amfani da waɗannan guba masu ƙarfi, bayan an daɗe ana samun su a hantar namun daji. Mu a nan, yaro ɗan shekara takwas zai iya sayen ƙulli a bakin titi, kuma masu karanta jaridu sun san sau nawa sunan shinkafar ɓera ke fitowa a labaran kotu. Hukumar NAFDAC ta taɓa hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna a 2019, saboda haka ba a rasa hanyar da za a bi ba idan an so.

Sai da na yi wata guda kafin na iya sallama a ƙofar maƙwabciyata. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, kyanwarki da ta mutu, ina kyautata zaton ni ne sanadi." Na gaya mata yadda aka yi. Ta daɗe tana jan carbinta ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya, ɗan nan. Shekararta tara a gidan nan. Tun da ta mutu ɓera ya hana mu barci a ɗakin girki, jiya ma na ce wa yaran su sayo mini magani." Na roƙe ta ta dakata, na aika mata da tarko biyu, kuma yanzu yaron nan ne ke zuwa ya ɗana mata da yamma.

Ƙulli ɗaya ya rage daga ukun da na saya. In na jefa a juji kaji za su tona, in na zuba a kwata ruwa zai kai shi gaba, in na binne a lambu ƙasar da nake ci daga cikinta ce. Na sa shi a gwangwani na ɗaure da waya, na ɗora a saman durowar ɗakin karatuna, inda hannun yara ba ya kaiwa. Yana nan har yau.